Hattara da tsiro mai ganye uku a Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in ja kunnen 'yan'uwa masu shigowa Amurka, ɗalibai da masu neman na kansu, har da iyayen da ke zuwa ganin jikoki. Sana'ata a jihar Merilan yankan ciyawa ce da share bayan gidaje, kuma duk shekara da zarar ganye ya tsiro a watan Afrilu sai na ga wani sabon zuwa da ƙuraje masu ruwa a hannu, yana susa ba ji ba gani. Wasu har su ɗauka sammu aka yi musu.

Wani tsiro ne ke jawo haka, Amurkawa na ce masa foizin aibi. Ganyensa uku-uku yake fitowa, na tsakiyar ya fi na gefe dogon wuya. Yakan yaɗu a ƙasa, yakan kuma hau bishiya ko shinge, jijiyarsa duk gashi-gashi. Da kaka ganyen yakan yi ja gwanin sha'awa, abin da ke sa yara su tsinka. Ɗan'uwansa foizin ok, shi ma mai ganye uku, ya fi yawa a Kalifoniya da Oregon. Na ukunsu, foizin sumak, a fadama yake zama, ganye 7 zuwa 13 a kan jan kara, 'ya'yansa farare suna reto.

Dafin wani mai ne da ake kira urushiyol, yana cikin ganye da kara da saiwa. Waɗannan tsirrai dangi ɗaya ne da kashu da mangwaro, don haka duk wanda ya taɓa gasa ƙwallon kashu a gida ya san yadda irin wannan mai ke cin fata. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ƙurajen ba sa fitowa nan take, sai bayan awa 12 zuwa 72, lokacin mutum ya manta inda ya bi. Sukan kuma kai mako biyu zuwa uku kafin su lafa.

Idan ka taɓa shi, maza ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa cikin 'yan mintoci, ka cuɗa sosai har ƙarƙashin farce. Tufafi da takalmi da adda su ma a wanke, domin man yakan yi fiye da shekara a jikin kaya bai mutu ba. Ruwan ƙurjin ba ya yaɗa cutar, kada a guji mai fama da shi. Man kalamain da tsumma mai sanyi na rage ƙaiƙayi, amma in ya kama fuska ko ido ko al'aura, a tafi wurin likita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗabi'armu ta tara ciyawa a cinna mata wuta, kamar yadda muka saba wajen sharar gona. Don Allah kada a yi haka a nan. In tsiron na cikin ciyawar, hayaƙin na ɗauke da man, in aka shaƙa sai maƙogwaro da huhu su kumbura, numfashi ya gagara. Wanda hakan ta same shi a kira 911, lambar neman agajin gaggawa, ba tare da jinkiri ba. Ko da hunturu da ganyen ya zube, busasshiyar jijiyar da ke manne da icen da aka saro don hura wuta tana nan da dafinta.

Ina roƙon limamanmu da shugabannin ƙungiyoyin Hausawa a nan su riƙa nuna wa sababbin zuwa hoton ganyen, musamman kafin a kwashi yara zuwa wuraren shan iska da Sallah.

Naku,
Mai karatu daga Merilan, Amurka