Rahoton Kwamitin Gyaran Bulok ɗin SS3: An Gama, Ga Yadda Akai

Assalamu alaikum iyayenmu, malamanmu da 'yan uwa tsofaffin ɗalibai. Toh Alhamdulillahi aikin da kuka ɗora mana na gyaran ajujuwa ukun nan na SS3 da ke bayan ofishin shugaban makaranta ya kammalu, yara sun koma ciki, kuma WAEC ɗin bana a inuwa suke rubuta ta. Wannan bayani ne dan wanda bai samu zuwa taron PTA ba yaji yadda aka yi da kuɗinshi.

Kowa dai ya san abin da ya faru, farkon daminar 2023 ne iskar nan mai tahowa gaban hadari ta ɗaga rufin gaba ɗaya da daddare ta kife shi a filin ƙwallo, Allah Ya taimaka ba kowa a ciki. Daga nan yaran SS3 suka koma gindin darbejiya, wasu aka cusa su a lab, in ruwa ya sauko kuwa sai a tashi kowa ya kama gabanshi. An rubuta takarda zuwa sama, an zo an ɗau hoto an tafi, mu kuma da muka ga zango yana ta wucewa sai aka zauna da PTA da SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da tafiyar da makaranta, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai aka ce a yi karo-karo.

Abin da muke so kowa ya gane shi ne ba iska kaɗai ce ta yi ɓarnar nan ba. Ranar da muka sa tsani muka hau da kafinta, ya sa ɗan yatsa ya danna katakon da ya rage a kan bango, wallahi yatsan ya shige kaman cikin burodi, gara ta cinye cikin tas sai ɓawo. Bayan haka duk tsawon ginin babu inda aka ɗaure rufin da bango, ba langa-langa ba rodi, ɗora katakon kawai akai bisa bulo aka buga ƙusa, shekara da shekaru nauyinshi ne kawai ke riƙe da shi. A nan kwamiti ya rabu biyu. Wasu suka ce a miƙe tsohon kwanon a mayar da shi a wuce wurin tunda kuɗi ba yawa, wasu suka ce in dai za a yi a yi mai dalili. An ɗan ɗaga murya kam, har sai da Baba mai gadi ya leƙo ya ce lafiya dai ko. Daga ƙarshe wani dattijo cikin iyaye, tsohon birkila ne, ya ce shi dai ba zai sa hannu a aikin da zai faɗo kan jikanshi ba, shi ke nan magana ta mutu.

Dan haka aka sauke layin bulo na sama da ya tsattsage, aka zagaye ginin da kankare da rodi, aka binne langa-langa a ciki tun yana ɗanye yadda kowane katako za a naɗe shi da ita a buga. Katako sabo ne duka, tu-bai-fo da tu-bai-tiri, kuma kafin a hau da shi sai da aka shimfiɗa shi a ƙasa aka shafe da maganin gara gauraye da baƙin mai, 'yan SS2 ne suka taya mu wannan ranar Asabar, sun koma gida da hannu baƙi ƙirin iyayensu mata su yi haƙuri da batun kayan da suka ɓaci. Kwano kuma mun je kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano da kanmu mu uku, ba mu aiki kowa ba, muka zaga muka taɓa muka ɗauko mai kauri duk da ya fi tsada, sabida mai laushin nan in ka buga ƙusa damina biyu ramin ya buɗe ya fara yoyo. An sa ƙusa mai hula da roba a ƙarƙashinta. A gefen gabas inda iskar ke bugowa an ɗan ɗaga bango ya rufe bakin kwanon dan kar ta samu wurin shiga ta ƙasa.

Yanzu maganar da ba daɗi, kuma laifinmu ne mu 'yan kwamiti ba na kowa ba. Kuɗin siminti yana hannunmu tun wajen ƙarshen 2023, amma aka yi ta raɗe-raɗin zai sauko, muka ce bari mu ɗan jira mu samu rangwame. Jiran da muka yi kenan Fabrairun 2024 ta shigo buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama, abin da a da ake saye dubu biyar da ɗoriya. Har ministan ayyuka David Umahi ya zauna da masu kamfanonin aka ce a sayar tsakanin 7,000 da 8,000, amma mu dai lokacin aiki ya riga ya tsaya birkila yana jira, dole muka saya a yadda muka samu. Ga kuɗin mota, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 tifar yashi da ta tsakuwa kowace ta ƙara kuɗi, mai a-kori-kura ma da zai kawo katako sai da aka yi ciniki kaman za a sayi motar. Da mun saye kayan tun farko mun ajiye a sito da abin da ya yi saura ya isa silin da fenti. Mun karɓi wannan, a yafe mana.

Aikin rufin ya faɗo cikin azumi, ga zafin Maris, kwano in rana ta take ko taɓa shi ba a iyawa. Kafintocin da asuba suke hawa su sauko kafin sha ɗaya, wani lokacin su dawo bayan la'asar su ɗan ƙara. Ya ja kwanaki fiye da yadda muka tsara amma ba wanda ya isa ya ce wa mai azumi ya zauna kan kwano da tsakar rana. Ruwan kwaɓa siminti 'yan garuwa ne suka riƙa turo mana a kura, wata Hajiya a maƙotan makaranta da ta ga haka ta ce a ja tiyo daga rijiyar burtsatsen gidanta kyauta, da shi aka yi ta ba kankaren ruwa safe da yamma har ya kama. Allah Ya saka mata da alheri, ta hana a faɗi sunanta.

Banda rufi, an sake daɓen aji biyu da suka farfashe, an yi filasta inda ta zube, an sa tagogin ƙarfe a madadin na katako da suka ruɓe, allo ma an sake shafe shi. Benci kuwa ba mu sai sabo ba, tsofaffin aka tattaro aka ɗaɗɗaure, waɗanda suka fi ƙarfin gyara aka cire katakonsu aka cike wasu da shi.

Abin da bai samu ba: aji na ƙarshe babu silin har yanzu, kuma da rana akwai zafi sosai a ciki, malamai sun faɗa mana mun kuma shiga mun ji da jikinmu. Fenti ma na waje kawai akai. Ƙofa ɗaya tana ciza sai an ɗaga ta kafin ta rufu, mai walda ya yi alkawarin dawowa.

Lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita, da rasit ɗin kowane kaya, ma'aji ya manna kwafi a allon sanarwa, asalin kuma yana cikin fayil a ofishin shugaban makaranta, duk wanda ya ba da ko sisi yana da haƙƙin ya zo ya buɗe ya duba, kar a ji nauyinmu. Tsohon kwanon an sayar wa 'yan gwangwan a gaban shaidu kuma kuɗin na cikin lissafin. Ragowar katako da rabin bandir na kwano suna sito, makulli na hannun mataimakin shugaba.

Ruwa ya sauka sau biyu tun da aka gama, na biyun ma da iska mai ƙarfi, da safe muka zo muka duba ba ɗigo ko ɗaya sai a kusurwar aji na tsakiya inda ƙusa ɗaya ta kauce wa katako, an toshe. Muna roƙon monitoci duk wanda ya ga tabon ruwa a silin ko hanyar gara tana hawa bango ya faɗa wa malamin ajinsu ran nan, kar a bari sai ta kai sama. Batun silin ɗin aji na ƙarshe kuma za a tayar da shi a zaman PTA mai zuwa, mai niyyar ba da wani abu ya ga ma'aji ya karɓi rasit.

Wassalam.
Sakataren kwamiti, a madadin sauran 'yan kwamiti.