Wasiƙa Zuwa Ga Baba A Kan Ciwona Da Zamana A Gidan Gwaggo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga mahaifina abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan wasiƙa za ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ku da Umma da ƙannena baki ɗaya. Na zaɓi in rubuto maimakon in faɗa ta waya, domin duk sa'ad da na ji muryarku sai nauyinku ya kama ni, in ce muku komai lafiya lau, alhali kuwa akwai abin da ya daɗe yana damuna, wanda na ga ba wanda zai iya warware shi sai ku.

Kun san shekarun da na kwashe ina fama da kumburin ciki da gudawa da kasala, da kuma ƙarancin jinin nan da ya ƙi jin magani. Wata bakwai da suka wuce, likitan da yake duba ni a nan ya sa aka gwada jinina, sannan aka zura mini wani siririn bututu mai kyamara ta baki har zuwa ƙaramin hanji, aka ɗan yanko nama kaɗan aka bincika. Sakamakon ya tabbatar da cewa ina da cutar da ake kira siliyak. Yadda aka bayyana mini shi ne, akwai wani sinadari mai suna gulutin a cikin alkama da sha'ir da wani hatsi na ƙasashen sanyi da ake ce wa rai, kuma wannan sinadari shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi danƙo. Ga yawancin mutane ba ya cutarwa, amma ga mai irin jikina, da zarar ya shiga ciki sai garkuwar jiki ta juya ta afka wa hanjin kansa. Bangon hanjin lafiyayyen mutum yana lulluɓe da wasu ƙananan tsirrai na nama masu kama da gashin tawul, su ne suke tsotse amfanin abinci su kai wa jini. Nawa an same su sun kwanta sun shafe, shi ya sa duk abin da na ci sai ya wuce ba tare da jikina ya amfana ba.

Cutar ba ta da ƙwaya, ba ta da allura. Maganinta ɗaya ne, shi ne barin gulutin gaba ɗaya har ƙarshen rayuwa. Na bar burodi da taliya da biskit da kek da duk abin da fulawar alkama ta shiga, amma Alhamdulillahi abin da ya rage mini ya fi abin da na bari yawa, tunda shinkafa da masara da gero da dawa da dankali da wake da nama da kifi da ƙwai da 'ya'yan itace duk ba su ɗauke da shi. Cikin wata biyu na fara jin ƙarfin da na manta irinsa.

Matsalata, Baba, tana cikin gida ne. Kafin in ce komai, Allah shi ne shaida Gwaggo ta riƙe ni riƙon 'ya tun ranar da na sauka a ƙasar nan, ba ta taɓa bambanta ni da 'ya'yan cikinta ba, kuma ba zan manta da wannan ba muddin raina. Sai dai ita da maigidanta har yau ba su yarda cewa ciwo ne yake damuna ba. A ganinsu tsirfa ce da iyayi irin na 'yan zamani, ko kuma cutar Turawa ce da na ɗora wa kaina don na shiga cikinsu. Na so in ba ta amsa amma tarbiyyarku ba ta bar ni in yi musu da babba ba, don haka ku zan gaya wa. Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Dicke ya lura cewa a lokacin yunwar da ta auka wa ƙasarsu a 1944 zuwa 1945, da burodi ya yi wuya, yaran da suke fama da wannan ciwo sai suka samu sauƙi, da burodi ya dawo kuma sai ciwon ya dawo musu, kuma ya rubuta bincikensa a 1950. Ke nan an san dalilin ciwon tun kafin a haifi Gwaggo. Ba kuma na Turawa kaɗai ba ne, domin ana ƙiyasta yana kama kimanin mutum 1 cikin kowane 100 a duniya, kuma wani bincike da aka wallafa a 1999 ya samu sama da kashi 5 cikin 100 na yaran Sahrawi, wato mutanen Yammacin Sahara, 'yan Afirka irinmu, suna ɗauke da shi.

Abin da ya sa na kasa ci gaba da yin shiru ya faru ne makonni uku da suka wuce. Na dawo daga aiki da daddare a gajiye, Gwaggo ta zuba mini shinkafa da miya da hannunta, na tambaya ko an sa wani abu na fulawa, ta ce in ci kawai. Na ci, na yi godiya. Kafin asuba cikina ya murɗe, na kwana tsakanin ɗaki da banɗaki, na yi kwana uku ban je aiki ba, kaina kamar an cika shi da hazo. A rana ta biyu ta shigo ɗakina da ruwan zafi, ta zauna a bakin gado tana kallona, sai ta ce cokali ɗaya tak na fulawa ta sa don miyar ta yi kauri, kuma ta yi hakan ne domin ta nuna mini cewa abin a raina yake. Na ga nadama a fuskarta, kuma na tabbata ba da mugunta ta yi ba. Amma da na warke sai aka koma gidan jiya, yanzu cewa take yi wataƙila sanyi ne ya kama ni a ranar. Tun daga lokacin nake jin tsoron duk kwanon da ban ga yadda aka dafa abin cikinsa ba, kuma wannan tsoro a gidan da nake ɗauka gidanmu ya fi mini ciwon cikin zafi.

Akwai kuma abin da na fahimci ya fi sosa mata rai, wato keɓe kayan girkina da na yi. Na sayi tukunya da cokula da katakon yanka da na'urar gasa burodi tawa don burodin da ba shi da gulutin, na ajiye su a gefe, ita kuwa sai ta ɗauki hakan a matsayin ƙyama, har ta ce da baƙi a gabana wai na fi ƙarfin cin abincin gidanta. Wallahi Baba ba ƙyama ba ce. Dokar da ake bi a nan Turai ba ta yarda a rubuta wa abinci cewa ba shi da gulutin ba sai idan abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙanƙantar abin da ake gudu. Ɓurɓushin burodi a kan wuƙar da aka tsoma cikin man shafawa, ko man da aka soya abu mai fulawa a cikinsa, ko ludayin da aka juya taliya da shi aka mayar cikin wata tukunya, kowannensu yana iya tayar da ciwon. Ko da ban ji komai a ranar ba, hanjin yana lalacewa a ɓoye, kuma idan aka daɗe a haka ƙarancin jini yana dawowa, ƙashi yana yin rauni, har ma yana iya shafar haihuwa.

Ina iyakar ƙoƙarina don kada in zama kaya ga kowa. Nakan tashi da sassafe in yi girkina kafin a shiga kicin, in goge tebur, in rufe abincina a robobi masu alama. Duk abin da zan saya sai na karanta bayan kwalinsa, inda doka ta tilasta a fito da sunan alkama da sha'ir fili yadda ido zai gani. Ranar Lahadi nakan dafa wa gidan duka abin da ni ma zan iya ci, don mu zauna tare kamar da, kuma yaran suna cinyewa ba tare da sun ga wani bambanci ba.

Roƙona gare ku shi ne ku yi wa Gwaggo magana, tunda ƙanwarku ce kuma ba ta tsallake maganarku. Don Allah kada ta ji kamar ƙararta na kawo, domin ba na son abin da zai shiga tsakaninku. Ba na neman gidan ya canza cimarsa saboda ni. Ina so ne kawai a bar mini kayana inda na ajiye su, idan na tambayi abin da ke cikin tukunya a gaya mini gaskiya, kuma kada a sake gwada ni. Idan ta amince, ina son ta raka ni asibiti ranar da zan koma, ta ji daga bakin likita ta kuma ga hoton hanjina, tunda gani ya kori ji.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta shafe ku kai tsaye. Ciwon yana bin jini, kuma an gaya mini cewa cikin iyaye da 'yan'uwa na jini na mai ɗauke da shi, kimanin 1 cikin 10 yakan samu kansa da shi. Hankalina ya fi tafiya kan autarmu, saboda yawan ciwon cikinta da ramar da Umma take ta ambata. Ina roƙon a kai ta wurin likita a nemi gwajin jini na siliyak, amma kada a hana ta cin alkama kafin gwajin, domin idan an daina ci alamar takan ɓace daga jini a ga kamar lafiya lau take. Kuɗin gwajin zan turo insha Allahu a ƙarshen wata.

A gaishe mini da Umma ƙwarai, a ce mata ta kwantar da hankalinta, jikina ya yi kyau fiye da yadda ta san ni. Ina neman addu'arku, kuma ina jiran amsarku.

Wassalam.

'Yarku mai biyayya a gare ku.