A daina raina ruwan gishiri da sukari

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili, domin damina ta kama, zawo ya fara kwantar da yara. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe yaro, amma sai a garzaya kemis neman allura, a raina ruwan gishiri da sukari saboda arharsa.

In babu ƙullin ORS, wato haɗaɗɗen garin gishiri da sukari na maganin ƙarewar ruwan jiki, a zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi cikin lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce. Kada gishirin ya zarce haka. A riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan, kada a hana shi nono. In idonsa ya faɗa ko ya ƙi sha, sai asibiti.

Naka,
Mai karatu daga Gusau