Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar haraji ta jihar da na baro

Yallaɓai, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Fayil ɗina yana ofishinka tun bara, yaranka har sun haddace fuskata, dan haka ba sai na ja zance ba. Kamfani ya kore ni ba bisa ƙa'ida ba a 2021, na kai ƙara kotun ma'aikata ta ƙasa, mukai ta jeka-ka-dawo har aka yi sulhu alƙali ya sa hannu, kuɗi suka shigo a 2025. Takardar sulhun ta raba kuɗin gida biyu ƙarara, bashin albashina na wata biyar daban, diyyar raba ni da aiki naira miliyan tara daban. Ni kuwa tun 2023 na kwashe iyali na koma jiharmu saboda haya ta fi ƙarfina.

Maganar bashin albashi ban ja da ku ba. A garinku nai aikin, hanyarku na bi, ruwanku na sha, ku cire harajinku Allah ya sa albarka. Amma diyyar fa? Dokar kuɗi ta 2020 ta ce miliyan goma na farko na diyyar rasa aiki babu haraji a kansa, abin da ya haura ne ake cire wa kashi 10. To tara dai ba ta kai goma ba, sai in a ofishinku an sake lissafin da aka koya mana a firamare. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ma ta kai shi har miliyan hamsin, wato gwamnatin tarayya da kanta ta gane cewa kuɗin wanda aka kora ba riba ba ne. Amma jami'inka ya haɗe duka ya kira su albashi, ya buga min lissafi kamar wani manajan banki har da kashi 24 a sama, na nuna mishi hukuncin kotu ko buɗewa bai yi ba, wai oga ne kaɗai zai duba, oga kuma kullum yana mitin.

Abin da ya fi ƙona min rai, ku ne kuke koya wa mutane cewa jihar da mutum yake zaune ranar 1 ga Janairu ita ke da harajinsa na shekarar. Ranar 1 ga Janairun 2025 ina ina? Ina jiharmu, ga rasit ɗin haya ga na makarantar yara duk na kawo. Yanzu can ma sun aiko min da tasu takardar neman haraji, kura biyu akuya ɗaya. Ku kun riƙe min takardar shaidar biyan haraji, su kuma sun ce ba za su ba ni tasu ba sai kun sake ni, 'yar kwangilar kai kujeru makaranta da na samu haka ta wuce ni ina kallo.

Ranar 26 ga Yunin 2025 da shugaban ƙasa ya sa hannu a dokokin haraji guda huɗu, me aka ce mana? An ce karɓar haraji biyu a kan abu ɗaya ya ƙare. Kai da takwaranka na jiharmu kuna zama a hukumar haɗin gwiwa ɗaya ta masu tara haraji, kuna shan shayi tare, waya ɗaya ta isa ku raba wannan gardamar. Dan Allah Yallaɓai, kuɗin nan ba su kai yadda kuke zato ba wallahi, lauya ya ɗau nashi, bashin shekara huɗu na zaman banza ya cinye rabi, sauran shi ne jarin da nake lallaɓawa.

Sai batun layin wayar ofishinku da ba a ɗauka, wannan ma bari kawai.

Abin da nake so a rubuce ne: ku cire naku a albashin wata biyar, ku ba ni rasit, ku saki takardata. In kuma kun tsaya a kan lissafinku to ku rubuto min ƙin amincewarku da sa hannu da hatimi, in ɗauka in kai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, tunda hanyar kotu dai na riga na san ta.

Naka,
tsohon mazaunin jiharka.