Wasiƙa ga Kabiru: tauraruwar da ta faɗo ƙasa

Rafindadi, Katsina

Aminina Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aiki, ya ruwan Fatakwal da ba ya jin a bari? Mu nan hunturu ya kankama, leɓe duk ya tsattsage. Hajiya lafiyarta ƙalau, ta ce in ja maka kunne a kan rashin kira.

Littafin nan na Neil Gaiman da ka bar mini, Stardust, na 1999, na samu fim ɗinsa. Matthew Vaughn ne ya ba da umarni, ya fito a 2007. Na san halinka, cewa za ka yi fim ba ya taɓa kamo ƙafar littafi. To wannan karon sai mun yi musu.

Ƙashin bayan labarin yana nan yadda ka san shi. Saurayi a wani ƙauyen Ingila ya ɗaukar wa budurwa alkawarin kawo mata tauraruwar da suka ga ta faɗo, ya tsallaka katanga ya shiga ƙasar Stormhold, sai ya tarar tauraruwar mace ce, ga ciwo a ƙafa, ga baki. Charlie Cox ne saurayin, Tristan, Claire Danes ce tauraruwar, Yvaine. Abin da ya burge ni da ita shi ne ba ta raga masa ko kaɗan. Mutum ya ɗaure ka da sarƙa zai kai wa wata kyauta, ai dole ya sha baƙar magana. Daga baya da zuciya ta karkata, ba ta iya ɓoyewa, don da ta ji daɗi sai jikinta ya hau haske. Wannan abu a takarda ba zai yi armashin da ya yi a ido ba.

Amma ni 'ya'yan sarkin Stormhold ne suka gama da ni. Su bakwai, kowa na neman ran ɗan'uwansa saboda gadon sarauta, uban kuma, Peter O'Toole, yana kwance rai a hannun Allah yana ƙorafin cewa ba su gama da juna da wuri ba kamar yadda shi ya yi da nasa 'yan'uwan. Wanda duk aka kashe, fatalwarsa ba ta tafiya sai an naɗa sabon sarki, kuma a siffar da ya mutu take zama: wannan da gatari a ka, wancan fuska a baje saboda an turo shi ta taga. Sai su jeru a gefe kamar 'yan kallon dambe, suna sharhi, suna tafi in wani ya biyo sahu. Na yi dariya har ƙanena Abba ya leƙo ya ga ko lafiya. Da mayya ta yanka babban cikinsu a bahon wanka, jinin da ya fito shuɗi ne, wai jinin sarauta.

Michelle Pfeiffer ita ce mayyar, Lamia, mai neman zuciyar tauraruwa don ta koma yarinya. Duk sanda ta yi tsafi sai tsufa ya ƙara cin ta, yau tabo a hannu, gobe gashi ya zube. Robert De Niro kuma shi ne kyaftin na jirgin da ke yawo a sama yana kamun walƙiya ana sayarwa. A littafi ɗan wucewa kawai kyaftin ɗin ya yi, nan an ba shi fili sosai, har ya so ya yi yawa. Af, akwai wurare biyu ko uku da ba na kallo da yara ba ne, kada ka kunna a falo.

Inda za mu yi rigima shi ne ƙarshe. A littafi mayyar ta iso a tsufe tukuf, ta tarar yarinya ta riga ta ba Tristan zuciyarta, ba abin da za a cire, ta juya ta yi tafiyarta. Ba takobi, ba ihu. Tristan ya tsufa ya rasu, Yvaine ta ci gaba da mulki ita kaɗai. Fim ya ƙi yarda da wannan. Ya kawo faɗa a gidan mayu, har da gawar Septimus, ɗaya daga cikin 'ya'yan sarkin, da ake juyawa da 'yar tsana tana saran takobi, sannan aka ba masoyan shekara 80 a kan karaga, daga nan suka koma sama tare. Na littafin ya fi zama a rai, ban musa ba. Sai dai wanda ya zauna awa biyu yana dariya da fatalwowi, in ka sallame shi da takaba ka cuce shi. Kowanne ƙarshen ya dace da gidan da aka gina masa. Kai dai ka kalla kafin ka yanke hukunci, sannan ka rubuto mini hujjarka, ban yarda da saƙon murya na minti goma ba.

Littafinka yana hannun Abba yanzu, bangon ya ɗan ji jiki. In za ka zo Sallah ka faɗa da wuri. Ka gaida Maman Hanifa da yara.

Naka har kullum,
Bashir