Kada ka goge pg_wal: amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Na ga tambayarka. Ka ce wuta ta ɗauke wa sabar da ke riƙe da rumbun bayananka na PostgreSQL, da ta dawo rumbun ya ƙi tashi, diski ya cika maƙil, wani kuma ya ce ka goge fayilolin pg_wal ka samu fili. Ka kuma ce tun farko ka kashe fsync, wato saitin da ke tabbatar da cewa rubutu ya sauka a diski, don aiki ya yi sauri.

Don Allah kada ka goge ko ɗaya. PostgreSQL yana fara rubuta kowane canji a WAL, wato kundin canje-canje da ke cikin jakar pg_wal, kafin ya kai shi cikin teburi. In ya faɗi, sai ya koma wurin checkpoint na ƙarshe, wato inda ya tabbatar canje-canjen baya sun shiga teburi a diski, ya maimaita duk abin da aka rubuta daga nan. Mu'amalar da ba ta kai ga commit ba, wato ba a kammala ta ba, ya ɗauke ta a matsayin sokakkiya, layukanta su ɓuya har vacuum, mai share matattun layuka, ya share su. Waɗannan fayilolin su ne kaɗai shaidar abin da ya faru kafin wutar ta tafi. Ai a da sunan jakar pg_wal shi ne pg_xlog, mutane suka yi ta gogewa da zaton tarkacen rahoto ne, har aka sauya sunan a siga ta 10 a 2017.

Kafin komai, tsayar da rumbun, ka kwafe jakar bayanan baki ɗaya zuwa wani diski. Sannan ka ƙara fili ka bar shi ya farfaɗo da kansa, ko da ya ɗauki lokaci. In ya tashi, nemo abin da ya cika jakar pg_wal. Galibi archive_command, umarnin da ke kwafe fayilolin WAL zuwa ajiya, shi ne ke ta faɗuwa ba a lura ba, ko wani replication slot (abin da ke riƙe WAL don wata saba mai kwafar bayanan) da aka yi watsi da shi yana hana a share tsofaffin fayiloli. Leƙa pg_stat_archiver da pg_replication_slots, inda rumbun ke nuna halin da waɗannan biyun suke ciki.

Batun fsync ne ya fi damuna. Da ka kashe shi, rumbun ya daina tabbatar da cewa abin da ya miƙa wa tsarin kwamfuta ya sauka a diski, don haka wani shafin teburi zai iya lalacewa shiru, ba kuskuren da zai bayyana sai ranar da aka karanta shi. Saurin da kake nema yana wurin synchronous_commit, saitin da ke sa kowace mu'amala ta jira WAL ya sauka a diski kafin a ce ta kammala. In ka kashe wannan, asarar da faɗuwa za ta jawo ba ta wuce mu'amalolin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ba a saitin asali, rumbun kuma yana nan lafiya.

Saboda haka ko ya tashi, kada ka yarda da shi tukuna. Mayar da fsync, ka gudanar da pg_amcheck mai binciken lalacewa in kana kan siga ta 14 ko sama, ka fitar da cikakken kwafin bayanan da pg_dump. In kana da ajiyar da aka yi kafin faɗuwar, ni dai ita zan maido. Shi kuwa pg_resetwal, mai share WAL da ƙarfi don rumbun ya tashi, sai an rasa kowace hanya, kuma a kan kwafin kawai.

Wassalam.