A koya wa masu kemis yadda ake yi wa jama'a zancen lafiya

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in kawo wata shawara. Ni Bazazzagi ne, neman abinci ya kawo ni Ingila, ina aiki a wani kantin magani a Birmingham. Ban karanci harhaɗa magunguna ba, aikina tsayuwa a kanta.

Tun farkon 2021 aka wajabta wa duk kantin magani da ke aiki da hukumar lafiya ta NHS a Ingila ya kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya mai takardar shaidar horo kan inganta lafiyar jama'a. Ƙungiyar RSPH mai fafutukar lafiyar jama'a a Birtaniya, wadda aka kafa a 2008 bayan haɗe wasu tsofaffin ƙungiyoyin lafiya biyu, ita ke bayar da takardar. Horon matakin farko ne, yawanci a yini guda ake gamawa, sai 'yar jarrabawa ta zaɓen amsa. Ba masu kantin magani kaɗai ke yi ba, har ma'aikatan kamfanoni da 'yan sa-kai na unguwa. A kantinmu ni aka tura.

Ba a koya mana allura ko rubuta magani ba. An koya mana abin da ke sa mutanen wata unguwa su riga na wata mutuwa, da yadda ɗabi'a ke da wuyar bari, sai kuma magana. Nan ne aka fi daɗewa. Direban tasi ya zo sayen maganin ciwon kai yau, ya dawo jibi. In ka ce masa “ka daina shan taba, ka rage gishiri,” zai gyaɗa kai ya karɓi canjinsa, gobe ya je wani kantin. Amma in ka tambaye shi awa nawa yake yi a mota, me yake ci da dare, yaushe rabon da a auna jininsa, shi da bakinsa zai faɗi inda matsalar take. Daga nan sai ka nuna masa ƙofa: ga awon jini kyauta a nan ga wanda ya kai shekara 40, ga ofishin taimakon masu son barin taba, ga likitansa.

Edita, kowa ya san a gida Najeriya mai kemis ne asibitin farko na talaka. Kafin mutum ya ga likita sau ɗaya ya ga mai kemis sau goma. Hawan jini kuwa kisan mummuƙe yake yi, ba ya sallama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokali ba, kuma har da wanda ke cikin dunƙulen miya da yajin tsire. Ta ce a motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. To ɗan kasuwar da ke zaune a shago a Kantin Kwari tun hantsi har la'asar sakaliya, ga lemon kwalba ga shayi mai sukari, wa ya taɓa zama ya yi masa wannan lissafin?

Na san da shirin CHIPS na masu wayar da kai kan lafiya da ke bi gida-gida, wanda aka ƙaddamar a garin Lafiya ta jihar Nasarawa a 2018. Aiki ne mai kyau, sai dai ya fi karkata ga mata masu ciki da ƙananan yara. Maigida yana kasuwa ko tasha a lokacin da suke zuwa.

Shawarata ga hukumar PCN mai ba masu kemis lasisi, da ƙungiyarsu ta NAPPMED: a tsara irin wannan horo na yini guda, da Hausa, a haɗa shi da sabunta lasisi. A kuma buɗe shi ga mutum ɗaya daga kowane layi na kasuwa da kowace tashar mota.

Wani zai ce mai kemis da ma yana ganin kansa rabin likita, in ya rataya satifiket a bango ai shi ke nan. Wannan tsoro yana da tushe, balle mutumin da cinikinsa ya dogara da sayar da ƙwaya. Shi ya sa nake so a sa jarrabawa ta gaske wadda za a iya faɗuwa, kuma rabin tambayoyin su kasance kan inda iyakarsa take da lokacin da zai ce “Alhaji, wannan sai asibiti.” Kada a mayar da shi taron otal na raba kuɗin zama.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wani mai karatunku,
Birmingham, Ingila